Yadda Na Kusa Baro Yatsuna a Gabashin Turkiyya

Abin da ya fara tarbata a garin nan na gabashin Turkiyya ba mutum ba ne, iska ce. Ina sauko da ƙafa daga motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi sai na ji kamar an watsa mini ruwan randa a fuska, an kuma bi ni da mari. Na waiga in ga wanda ya yi mini wannan aika-aika, babu kowa. Sai fari fat duk inda ido ya kai. Ƙasa fara, rufin gidaje fari, har karnukan da ke kwance a bakin tasha sun yi furfura.

Sunana Habu. Ni mutumin Likoro ne, malamin dabbobi a ƙaramar hukuma. Aikina a gida shi ne bin rugage da allura da magani, da kuma karɓar haihuwar saniya idan ta zo da gardama. An turo ni kwas na 'yan watanni a kan kiwon shanun madara, kuma wanda ya tsara lokacin kwas ɗin, Allah ya yafe masa, tsakiyar hunturunsu ya zaɓa.

Bayan 'yan darussa a aji sai aka rarraba mu, kowa aka haɗa shi da likitan dabbobin da ke yawon ƙauyuka. Ni aka ba wani dattijo da ake kira Hoja Ramazan. Hoja a bakinsu kamar malam ne a namu. Gajere ne, mai gashin baki kamar tsintsiyar laushi, kuma ban taɓa ganinsa ba tare da ɗan kofin shayi a kusa da shi ba. Turancinsa guntu-guntu ne, nawa na ofis, Larabcinmu duka biyu bai wuce na salla ba. Da waɗannan muke harhaɗawa, inda suka ƙare hannu ya ƙarasa. Shi kuma Habu Efendi yake kirana, wai girmamawa ce.

A bayan ɗan asibitinsa akwai wani tsohon babur mai ƙafa uku, da wani abu kamar kwale-kwale manne a gefe inda fasinja ke zama. Ya ce idan dusar ƙanƙara ta sauka motarsa ba ta hawa hanyoyin ƙauye, sai wannan. Ina ganin babur sai jinina ya motsa. Na shafa tankin, na shiga ba shi tarihi: tun kafin in yi aure nake kan babur, na san taɓon damina daga Likoro zuwa Makarfi, na ratsa fadamun Janfalan da asuba a tsakiyar sanyi, na taɓa goya Arɗo da ragonsa a lokaci guda, babu wanda ya faɗi. Hoja ya saurara da kyau, ya kurɓi shayi, ya ce, “Masha Allah.”

Ba a daɗe ba ya zame a kan ƙanƙara a ƙofar masallaci, ya karya tsintsiyar hannunsa na dama. Da aka sallamo shi daga asibiti da hannu cikin farin siminti, rataye a wuya, ya laluba aljihu da hagu ya miƙo mini makulli.

“Habu Efendi,” in ji shi, “kai da ka goya rago.”

Washegari muka fita. Na sa rigunan sanyi har na kasa sunkuyawa, na ɗaure wuya, na kifa hular kwano. A hannu kuwa na zura safar da na saya a kasuwar Makarfi, irin ta ulu mai ratsin ja wadda 'yan acaɓa ke sawa. Da na saye ta, mai kayan ya rantse mini ko a ƙasar Turawa za ta yi.

Sanyin hannu a kan babur hawa-hawa ne, kuma a wannan safiya na bi kowane hawa. Da farko kan yatsu ke tsira, kamar ana soka maka ƙaya. Daga nan sai zugi, irin na wanda ƙofar mota ta datse wa hannu, har cikin ƙashi. Kana cikin salati kana neman agaji, sai kuma ka ji shiru. Zugin ya tafi. Na yi murna, na ce wa raina jikina ya saba. Ashe shirun nan shi ne abin tsoro. Na zo kama birki a wata gangara, na aika wa yatsuna saƙo, babu wanda ya amsa. Da birkin ƙafa da ikon Allah muka tsaya, hancin kwale-kwalen Hoja cikin tarin ciyawar wani bawan Allah.

Ashe gonar da aka kira mu ce. Mai gonar ya fito da fara'a ya miƙo hannu mu gaisa. Ni kuwa ina zaune ƙiƙam, hannuwana sun ƙi sakin kan babur. Sai da ya zagayo ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɓare ayaba ɗanya. A cikin garke aka ba ni sirinji, ya suɓuce. Aka sake ba ni, ya sake suɓucewa. Ƙarshe mai gonar ne ya yi wa saniyarsa allura, Hoja na nuna masa wuri da haɓa, ni babban malamin dabbobi daga Nijeriya ina tsaye na rataye hannuwa kamar kazar da aka fige. Abin da ya fi ci mini rai ma, da fitsari ya matsa ni na zagaya bayan garke, zariyar wandona ta gagare ni kwancewa. Yadda aka ƙare da wannan matsala, ni da Hoja mun yi alkawarin ba za mu faɗa wa kowa ba.

Ranar kasuwa na shiga gari neman safar kirki. A wani lungu na faɗa shagon wani mutum mai haƙorin zinariya da murmushin da ya fi ƙarfin fuskarsa. Yana jin na yi sallama ya dafe ƙirji, ya kira ni ɗan'uwa, ya zaunar da ni kusa da murhu, ya sa aka kawo shayi. Turanci a bakinsa kamar ruwa. Na nuna masa hannuwana, ya girgiza kai kamar zai yi kuka. Sannan ya miƙa hannu ya ciro wata baƙar safa mai kauri, da batir a wuyanta da ɗan maɓalli. Ya danna, wata 'yar jar fitila ta kama.

“Wannan wuta ce a cikinta,” in ji shi. “Ita sojojin kan iyaka ke sawa. Saka ka ji.”

Na zura hannu. Wallahi ɗumi kamar an fito da ita daga tanda. Ban tsaya dogon ciniki ba, na biya, na fito ina jin tausayin sauran masu babur na garin. Sai daga baya, da na zauna ina lissafin rayuwata, na tuna cewa daga bayan bututun murhu ya ciro ta.

A kan hanya 'yar jar fitilar ta yi aikinta tsakani da Allah, ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Ɗumi ne dai babu. Can da muka yi nisa sai ta hagu ta farka, ta tattara duk ƙarfinta a kan babban yatsa shi kaɗai. Haka na yi tafiyar nan, yatsa guda na gasuwa har ina jin ƙauri, sauran tara suna mutuwa a gefensa. Da na koma shagon, mutumin ya dube ni da ladabi kamar bai taɓa ganina ba. Turancinsa ya gudu. Larabci ma, ko amsa sallama sai da ya yi tunani. Amma ya sa an kawo shayi. Na zauna na shanye, na nemi ƙari, don kada asarar ta zama biyu.

A wannan makon ne kewar gida ta kama ni sosai. Da yamma idan na koma masauki sai in zauna bakin gado, hannuwa a hammata, in kira matata Rabi. Ba maganarta kaɗai nake saurare ba, har abin da ke bayanta: sautin turmi daga gidan maƙwabta, akuyarmu mai kukan tsiya, yara na faɗa a kan guntun rake. Lokacin dafa mazarƙwaila ne a wajenmu. Ina rufe ido sai in ji ƙamshinta yana tasowa daga bakin fadama, in ga tururi na tashi daga manyan tukwane, mutane na aiki babu riga. Babu riga! Ni kuwa a nan ko kunnena na manta kamanninsa.

“Baban Walida, muryarka ba daidai take ba,” in ji Rabi wata rana. “Ko ba ka cin abinci ne?”

“Abinci akwai. Hannun da zan ci da shi ne ke neman gagarata.”

Na ba ta labari. Ta yi salati, ta ce bari ta kai wa Kawu Ilu waya. Kawu Ilu ƙanin mahaifiyata ne, mai sayar da albasa. Tun yana saurayi ya taɓa yin hunturu guda a Jos, kuma tun daga lokacin duk wata magana da ta shafi sanyi a danginmu, shi ke yanke hukunci.

“Kai Habu,” ya daka mini tsawa, don shi a ganinsa nisan ƙasa sai da ƙarfin murya. “Duk bokon naka ba a koya maka wannan ba? Ba Rabi ta ɗaure maka dakakken barkono ba?”

“Ta ɗaure, Kawu. Ɗan Ikara ne, mai zafin nan.”

“To me kake jira? Ka barbaɗa a cikin safar. Sanyi ba ya shiri da barkono. Mu da muka zauna a Jos mun sani.”

“Kawu, na nan fa ya ɗan fi na Jos.”

“To ka ƙara yawan barkonon!”

Na ƙara kuwa. Da safe na zazzaga shi cikin safa biyu, na zura hannu, muka kama hanya. In faɗi gaskiya, da farko na sa wa Kawu albarka, don hannuwana sun ɗauki wani irin zafi mai daɗi. Matsalar ta fara ne daga gefena. Safar ulu tana da ƙofofi, iska kuma tana kaɗawa ta wajen kwale-kwale. Na ji Hoja ya yi atishawa. Na ce masa yarhamukallah. Ya sake. Na sake. Kafin mu kai rabin hanya na daina amsawa, don abin ya wuce adadin da shari'a ta ɗora mini. Gashin bakinsa ya yi ja, idanunsa na zuba, yana dube-dube yana neman inda annobar ke fitowa.

Da muka isa gidan da za mu, iska ta sa idona hawaye. Na cire safa na share. Ba sai na yi bayani ba. Ina tsalle ido a rufe mai gidan ya kama hannuna ya gaishe ni hannu bibbiyu, sannan ya shafa fuskarsa kamar yadda suke yi. Muka zama mu uku muna kuka a tsakar gida, matar gidan na leƙowa ta taga tana tambayar wa ya rasu. Na wanke hannu da sabulu, na ɗauka magana ta ƙare, na durƙusa in duba hantsar saniyar da aka kira mu dominta. Saniyar ta tsaya cak, kamar mai tunani. Sannan ta ɗaga ƙafa ta aika ni da bokitin madara waje guda.

A hanyar dawowa Hoja ya sa na tsaya. Ya karɓi safar da yatsu biyu, ya sansana daga nesa, ya jefa ta cikin rami.

“Wa ya ba ka wannan magani?”

“Kawuna.”

“Likita ne?”

“Albasa yake sayarwa.”

Ya daɗe yana kallon duwatsu. Sannan ya ce, “Ka gaishe shi.”

Ba zan ce mutanen garin ba su tausaya mini ba. Labarin baƙon da hannunsa ke mutuwa ya zaga. A masallaci bayan an sallame, tsofaffi sukan kama hannuwana su riƙe cikin nasu suna murzawa, suna yi mini magana mai tsawo da ba na fahimta, ni kuma ina cewa amin. Mai gidan burodin unguwarmu kullum sai ya kira ni in ɗora tafuna a jikin bangon tandarsa kafin in wuce. Wani mai gyaran taya ya ba ni tsohuwar safarsa ta fata, wadda ta fi duk waɗanda na saya, ko da yake iska na shiga ta ɗinkin. Matar Hoja kuwa ta ɗauki nauyin dafa dankalin turawa kowace safiya, ta naɗe manya guda biyu a tsumma, ta sa mini a aljihun kwat, wai duk inda muka tsaya in riƙe su. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, sai dai aljihuna na dama yana daidai hancin Hoja. Rana ta farko na tsaya a kan tudu, na zura hannu cikin ɗoki, na tarar da tsumma da ɓawo. Na dube shi. Ya ce mai karaya yana bukatar abinci.

Ana cikin haka abin ya daina zama na dariya. Kan yatsuna biyu na hannun hagu suka yi fari kamar kakin zuma, suka daina jin komai ko a cikin ɗaki. Likitan mutane da na je wurinsa ya jujjuya su, ya soka allura ban ji ba. Ya ce in na ci gaba da hawa babur a haka, wata rana shi da kansa zai yanke su. Ya nuna mini da almakashin yatsunsa daidai inda zai yanka, don kada harshe ya hana ni ganewa.

Na koma masauki na zauna ina kallon hannuwana. Da su nake ci, da su nake ciyar da gida. Malamin dabbobi marar yatsu sai dai ya koma gadi. Amma in na ajiye makullin, kwas ɗina ya lalace, in koma Likoro hannu wofi bayan an raka ni tasha da addu'o'i; Hoja kuma ba shi da wani, shanun ƙauyukan nan ba su da wani sai shi. Na auna, na sake aunawa, na yanke cewa yatsuna sun fi takarda. Da safe zan mayar masa da makullinsa.

Na iso asibitin da jawabina a shirye, har da kalmomin Turkanci biyu na ban haƙuri da na haddace. Na tarar da shi tsaye a waje da jakar aiki, waya a kunne, shayinsa a kan taga ya huce bai taɓa ba. Ya kashe wayar ya yi mini bayani a gaggauce. Wata tsohuwa ce mai suna Gulizar, a ƙauyen da ya fi kowanne nisa a kan dutse. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Saniya ɗaya gare ta, da madararta take ci take sha. Tun asuba saniyar ke naƙuda, ɗan ya ƙi fitowa. In aka kai azahar, daga uwar har ɗan babu mai rai.

Ya dubi simintin hannunsa. Ya dubi nawa hannuwan.

“Ni ina da ilimi, babu hannu,” in ji shi. “Kai kana da hannu.” Ya ƙara dubawa da kyau. “Wataƙila.”

Na ajiye jawabin nawa gefe. Na tuna matan rugage da na sani, waɗanda saniya guda ce tsakaninsu da bara. Na zura safar mai gyaran taya, na naɗe hagu da tsumman dankali, na buga kik.

Ban taɓa ganin sanyi irin na ranar ba. Sama garau, rana na haske kamar da gaske, amma numfashina na daskarewa a gemu. Mukan yi 'yar tafiya in tsaya in rungumi injin da hannu biyu har safa ta fara ƙauri, sannan mu ci gaba. Hoja bai ci dankalin ba, shi da kansa yake ciro shi ya danna mini a tafi. A hawan ƙarshe babu wurin tsayawa, in ka tsaya ka koma baya. Na murɗa totur da dukan hannu tun daga kafaɗa, don yatsu sun riga sun yi sallama da ni.

Tsohuwar na tsaye a ƙofar garke, 'yar ƙarama, fuska duk tamoji, ta yi lulluɓi da mayafin ulu. Ni dai Goggo na riƙa ce mata, ita kuma tana amsawa kamar ta san ma'anarsa. Ina shiga na hango murhu a lungu na nufe shi da hannuwa a miƙe. Ta sha gabana ta make mini wuyan hannu kamar yaron da ya kai hannu tukunya. Hoja ya ce tana da gaskiya, hannun da ba ya ji zai gasu mai shi bai sani ba. Ta kawo ruwa mai ɗan ɗumi a kwano ta tsoma su, tana murzawa tana kallon saniyarta. Saniyar na kwance a kan ciyawa, ja ce mai farin goshi, idanu sun juye, nishinta ya fara yin ƙasa.

“Babu lokaci,” in ji Hoja.

Na tuɓe kwat, na naɗe hannun riga har kafaɗa. Goggo ta zura mini doguwar safar leda, ta shafe ta da sabulu, don ni ko wannan ba zan iya ba. Na durƙusa, na yi bisimilla, na tura hannun dama.

“Me ka taɓa?” in ji Hoja, yana durƙushe a gefena.

“Ban sani ba, Hoja.”

“Kai ne ko ƙafa?”

“Wallahi ko hannun nawa ban san inda yake ba.”

Ya rufe ido yana motsa baki. Ni kuma na kwantar da kuncina a jikin saniya. Sai na fara jin wani abu na tasowa. Tun da na sauka a ƙasar nan ban shiga wuri mai ɗumi irin wannan ba. Ɗumin ya ratsa fata, ya shiga ƙashi, jini ya fara komawa inda ya gudu ya bari. Duk wanda hannunsa ya taɓa daskarewa ya san dawowar jini ta fi tafiyarsa azaba. Kamar an zuba mini garwashi a cikin farce. Ban san lokacin da na kurma ihu ba.

“Wayyo Allah! Wayyo Inna!”

Goggo na jin haka ta ɗauka ɗan ya mutu. Ta zube a kan ciyawa ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Hoja na ƙoƙarin gaya mata ba maraƙin ba ne, likitan ne. Saniya na nishi, tsohuwa na kuka, ni ina ihu da Hausa, dattijo na tsawa da Turkanci. Ana cikin wannan hargitsi sai na ji wani abu mai laushi ya kama yatsana yana tsotsa.

“Hoja! Baki ne! Yana da rai!”

Daga nan hannuna ya tuna aikinsa. Na laluba: ga hanci, ga ƙafa ɗaya ta gaba a miƙe, ɗayar kuwa ta lanƙwashe ta koma baya, ita ta tokare hanya. Wannan na sha gani a rugage. Na jira naƙudar ta lafa, na tura kan a hankali ya koma ciki, na bi kafaɗa zuwa gwiwa, na dunƙule kofaton a tafina don kada ya yagi uwar, na jawo shi sannu-sannu har ya miƙe. Gumi na zuba daga goshina, a ƙasar da na ɗauka gumi ya ƙare mini har abada. Muka ɗaura igiya a ƙafafun biyu. Ni na kama ɗaya, Goggo ta share hawaye ta kama ɗaya, Hoja ya naɗa ragowar a kafaɗarsa mai lafiya. Duk lokacin da saniya ta yunƙura mu ja, in ta huta mu huta. A yunƙurin ƙarshe muka zube gaba ɗaya a kan juna, maraƙi a kan cinyata, jiƙe sharkaf, tururi na tashi daga jikinsa.

Bai motsa ba. Na share masa hanci da baki, na soka masa tsinken ciyawa a hanci, na murza ƙirjinsa da ƙarfi. Ya girgiza kai, ya ja numfashi, ya yi wani ɗan kuka siriri. Mace ce. Goggo ta rungume wuyan saniyar tana yi mata magana a kunne, sannan ta juyo ta kama kaina da hannu biyu ta sumbaci goshina.

Ƙa'idar aiki ce bayan haihuwa mai wuya a sake dubawa, ko akwai na biyu, ko wani wuri ya yage. Na duba da dama, komai lafiya. Sai na dubi hannuna na hagu, mai fararen yatsun nan, yana rataye shi kaɗai bai samu rabonsa ba. Na nemi sabuwar leda na ce zan tabbatar. Na tura shi, na jingina kai, na lumshe ido. Lokaci ya ɗan ja.

“Habu Efendi,” in ji Hoja a hankali. “Tagwaye kake nema, ko masauki?”

“Ina tabbatarwa ne, Hoja.”

Saniyar ta juyo da kai ta zuba mini ido. Hoja ya fassara wa Goggo abin da ke faruwa. Tsohuwar nan ta yi dariya har ta kasa tsayuwa, ta zauna a kan bokiti tana riƙe ciki. Ni dai ban fito ba sai da na ji yatsun nan biyu sun fara zugi, kuma ban taɓa murna da ciwo irin ta ranar ba.

Ta shigar da mu ɗakinta, ta ba mu miya mai zafi da burodi da cuku. Muna ci ta buɗe wani tsohon akwati ta ciro rigar fatar tunkiya, mai gashin a ciki. Hoja ya raɗa mini cewa ta marigayi mijinta ce. Kafin in ce wani abu ta sa wuƙa ta yanke hannuwan rigar biyu. Na miƙe ina cewa a'a, Goggo, a'a. Ta nuna mini wurin zamana da tsinin wuƙar, na koma na zauna. Ta ɗauki basilla da zare ta fita cikin sanyin nan, ta zura kowane hannun riga a kan hannun babur, ya rufe birki da kuloci da komai, ta ɗinke bakin tam, ta bar ƙofa ta baya inda zan zura nawa.

Da muka tashi tafiya na zura hannuwana ciki. Laushi, ɗumi, iska ko kaɗan ba ta shiga. Na ce mata na gode da Hausa, ta amsa da nata harshen, kuma ina jin babu abin da ya ɓace a tsakani.

Sai da muka fara gangarowa muka gano cewa Goggo ta ja zarenta da ƙarfi a daidai maɓallin ham. Da na ɗan karya kan babur sai ya ɗauki ƙara, ɗiiit, ya ƙi yin shiru. Hanyar kuwa duk kwana ce. Hoja ya yi ihu a kunnena cewa in tsaya mu farke ɗinkin.

“Hoja,” na ce, “ko gawata ba za ta fitar da hannu daga nan ba.”

Haka muka ratsa ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya da ham a danne. Karnuka suka biyo mu, mata suka leƙo ta taga, maza suka fito daga gidajen shayi da kofuna a hannu suna tambayar juna ko wani babba ne ya zo. Da farko Hoja ya ja hula ya rufe fuska don kunya. Da muka shigo gari ya ga jama'a sun jeru a bakin titi, sai ya gyara zama a cikin kwale-kwalensa, ya murza gashin baki, ya ɗaga farin simintin hannunsa sama yana gaishe su dama da hagu.